Tudu Ko Ruwa?

A zamanin iyayenmu, in aka ji an ce wane ya shiga jirgin ruwa, to, kowa ya sani akwai inda za shi. Ɗalibai da ma'aikata da suka tafi Ingila a wancan lokaci, da yawansu jirgin ƙasa suke shiga daga Kano ko Kaduna zuwa Ikko, sa'an nan su hau jirgin kamfanin Elder Dempster a Apapa, su yi kimanin mako biyu bisa teku kafin su sauka Libaful. Wanda ya fi suna cikin jiragen nan shi ne Aureol, wanda ya fara aiki a 1951, ya daina a 1974, sa'ad da jirgin sama ya ƙwace masa fasinja. Irin wannan jirgi abin hawa ne kurum, kamar raƙumi ko mota. Ka shige shi don ya kai ka, in ya kai ka ku yi sallama.

Yau kuwa an sami wani irin jirgin ruwa dabam, wanda ba don kai mutum wani wuri aka yi shi ba. Zai ɗauke ka a wani gari, ya yi ta zagaya gaɓar ƙasashe da kai kwana bakwai ko goma, kullum ya tsaya wata tasha da safe ya tashi da yamma, daga bisani ya komo da kai daidai inda ya ɗauke ka. Shi ake kira jirgin yawon buɗe ido. In ka shiga ofishin masu shirya wa mutane tafiya, ka ce kana so ka ga ƙasashen waje, sau da yawa takarda biyu za su ajiye gabanka. Ɗaya ta yawo ta tudu ce, watau a bi da kai gari gari cikin mota ko jirgin ƙasa, kana kwana a masaukai. Ɗayar kuwa ta wannan jirgi ce. Kowace da hotunanta masu ɗaukar ido, kowace kuma tana cewa ita ta fi.

Ga mai dukiya wannan ba abin dogon tunani ba ne, bana ya bi ruwa, baɗi ya bi tudu. Amma galibinmu ba haka muke ba. Irin wannan tafiya sau ɗaya takan samu a rayuwar mutum, ko da kuɗin sallama bayan ya bar aiki, ko kuwa 'ya'ya su yi karo-karo su ce, "Baba, kai da Inna ku je ku ga duniya." Wanda ya zaɓi abin da bai dace da shi ba, da wuya ya sami damar sakewa. Ni Allah ya nufe ni da yin duka biyu, na zagaya Bahar Rum cikin jirgin yawo, bayan shekara uku kuma na bi ƙasar Masar ta tudu. Tun daga nan mutane suke tambayata wanne ya fi, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani.

Shi wannan sha'ani na tara mutane a kai su yawo bisa kuɗi ƙayyadadde, wani mutumin Ingila ne mai suna Thomas Cook ya shahara da shi. Ya fara a 1841, da ya shirya wa mutum wajen 500 tafiyar yini guda cikin jirgin ƙasa. A 1869, shekarar da aka buɗe mashigin ruwa na Suwes, ya kai ayarinsa na farko Kogin Nilu. Jirgi na farko kuwa da aka ƙera musamman domin yawo, Jamusawa suka ƙera shi a 1900, mai ɗaukar mutum wajen 200. Daga nan abin ya yi ta girma, har a 2024 aka fito da wani mai suna Icon of the Seas, tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Wannan ai ya wuce a ce masa jirgi, gari ne sukutum yana tafiya bisa ruwa.

Wanda na shiga bai kai wannan ba, amma shi ma mu dubbai ne a ciki. A Basalona ta ƙasar Sifen na same shi. Ka lura, ya kai mai karatu, jirgin ba ya zuwa ƙofar gidanka, sai ka biya kuɗin jirgin sama ka je ka tarad da shi inda yake. Hanyarmu ita ce Marsai ta Faransa, da Jenowa, da tashar birnin Rum, da Falarmo, su ukun nan duk a Italiya, sa'an nan tsibirin Malta, mu komo Basalona. Dare bakwai, ƙasa huɗu.

Ba zan ɓoye daɗinsa ba, don kuwa akwai shi. Sau ɗaya na kwance akwatina, na jera tufafina cikin kabad, ban sake ɗaure shi ba sai daren sauka. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya san abin da wannan yake nufi. Ɗakinka ne yake tafiya da kai: ka kwanta a Faransa, ka farka a Italiya, gadon dai shi ne, bargon shi ne. Abinci kuwa tun asuba har tsakar dare a jere yake, mutum ya ɗauki faranti ya ɗebi abin da ransa yake so, ba mai ƙirga masa loma. Akwai likita, akwai wurin wasan yara, akwai na'urar hawa bene, ba sai ka taka matakala ba. Na ga wata tsohuwa da jikanta yake tura ta cikin keken guragu, kowace safiya a sauko da ita, kowace yamma a hau da ita, ta ga ƙasa huɗu ba ta ɗauki ko jakar hannu ba. Da ta tudu ta bi, da ba ta kai gari na biyu ba. Tun ran nan na bar yarda da masu cewa jirgin yawo na ragwaye ne.

Akwai yini guda da ba mu tsaya ko'ina ba, tsakanin Malta da Basalona. Na hau can bisa na zauna, gabas ruwa, yamma ruwa, babu tsuntsu babu itace. Mutumin da ya tashi a ƙasar da ake haƙa rijiya gaba ashirin kafin a ga danshi, in ya ga wannan sai jikinsa ya yi sanyi. Da la'asar iska ta taso, jirgi ya soma rangaji, masu raunin ciki suka shige ɗakuna da jiri da amai. Ma'aikata suka gaya mini ɗakunan tsakiyar jirgi na hawan ƙasa su suka fi zama lafiya, na goshi da na can sama su suka fi shan jijjiga. Mai salla kuma sai ya riƙa lura, domin alƙibla ba ta zama wuri guda, jirgi ya juya ta juya. Game da abinci, naman alade da giya ba su da wuyar gani a can, amma kifi da ƙwai da shinkafa da kayan lambu sun ishe ni, kuma in ka tambayi masu hidima abin da ke cikin tukunya za su gaya maka gaskiya.

To, ranar birnin Rum ce ta nuna mini iyakar jirgi. A takarda an rubuta Rum, amma Rum ba a bakin teku take ba. Tashar da jirgi yake tsayawa sunanta Cibitabekiya, tsakaninta da birnin kuwa kilomita wajen 80 ne. Bari mu yi lissafi. An ɗaure jirgi da ƙarfe bakwai na safe. Kafin dubban mutane su yi layi su sauka, a kwashe su cikin mota zuwa ƙofar tasha, takwas da rabi ta yi. Tafiya zuwa birni awa ɗaya da wani abu, komowa haka nan, kuma an gargaɗe mu kowa ya kasance cikin jirgi kafin ƙarfe shida. Abin da ya rage mana bai fi awa biyar ko shida ba, a birnin da mutanensa suke cewa an kafa shi shekara 753 kafin haihuwar Annabi Isa. Muka tsaya gaban babban dandalin nan nasu na dā, Kolosiyam, wanda aka buɗe a shekara ta 80, mai cin mutum wajen 50,000. Ja-gora yana gaba da 'yar tuta bisa sanda, muna biye kamar tumaki, yana magana yana duban agogo. Na gan shi da idona, wannan ba mai ƙwace mini. Amma Hausawa sun riga sun faɗi, hangen Dala ba shiga birni ba.

Abin da ya fi damuna ma ba gajartar lokacin ba ne, wane lokaci ne aka ba mu. Kowane gari da tsakar rana na baƙi ne da 'yan kasuwa. Sai rana ta yi sanyi masu gari suke fitowa, tsofaffi su zauna bakin hanya, yara su yi wasa, a kunna fitilu, a ji ƙamshin girkin gidaje. Wanda ya zo Zariya da hantsi ya tafi da azahar, bai ga ana hira a ƙofar gida ba, bai ji kiran sallar asuba ba, ina ya san Zariya? Mu kuwa a daidai wannan lokaci kullum muna bisa jirgi, muna hangen fitilun garin suna ƙanƙancewa. Cikin kwana bakwai ban yi hira da ɗan gari ko ɗaya ba, sai wanda yake so ya sayar mini da wani abu. Mutanen da na sani a tafiyar nan su ne masu gyara ɗaki da masu kawo abinci, 'yan Filifin da Indiya da Indunisiya, waɗanda suke yin watanni ba su ga iyalinsu ba. Na san labarin ƙauyen wanda yake share mini ɗaki fiye da yadda na san na Jenowa.

A Malta abin ya fi yi mini ciwo. Ina tafiya cikin Baleta, babban birninsu, sai kunnena ya riƙa tsintar kalmomi kamar na Larabci. Ashe harshensu daga Larabci ya samo asali, ko da yake su Kirista ne, da baƙaƙen boko kuma suke rubuta shi, har sunan Ubangiji a bakinsu Alla ne. Na sami wani dattijo mai shago da ya soma yi mini bayani, hira ta fara daɗi ke nan na duba agogo, na ga in ban tashi ba za a bar ni. Ba kuwa wasa ba ne. In ka fita yawon kanka ka makara, jirgi ba ya jiranka, sai ka nemi hanyar da za ka cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka.

Batun kuɗi kuma yana bukatar a buɗe ido. Farashin da ake bugawa da manyan baƙaƙe galibi na ɗaki ne marar taga, can cikin cikin jirgi, inda ba ka sanin dare ko rana sai da agogo. Ɗaki da abinci suna cikin kuɗin. Amma yawancin kamfanoni suna ɗora wa kowane fasinja kuɗin tukuicin ma'aikata a kowace rana, sa'an nan lemo, da intanet, da wanki, da ganin likita, kowanne da nasa. Mafi tsada shi ne fita yawo tare da ja-goran jirgi a kowace tasha. Ba a karɓar kuɗi hannu da hannu, wani kati ake ba ka, kome ka saya a shafa shi, sai daren ƙarshe a turo maka takardar lissafi. Na ga magidanta suna karanta tasu suna salati.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu masu fasfo na Nijeriya ko Nijar, watau biza. Turawan da ke cikin jirgi ba ruwansu da wannan, mu kuwa kowace ƙasa jirgi zai tsaya sai an duba ko muna da izinin shigarta, ko da mutum ya ce shi ba zai sauka ba. Ƙasashe huɗun da na ambata duk suna cikin yarjejeniyar Shengen, biza ɗaya ta isa, kuɗinta kuwa ya koma yuro 90 tun 2024. Amma wasu jiragen sukan ratsa Tunis ko Turkiyya. In haka ne, ka fita daga Shengen ke nan za ka sake shiga, sai ka nemi biza mai shiga fiye da sau ɗaya, ka kuma bincika sharaɗin ita ƙasar da za a ratsa. Wanda takardunsa ba su cika ba, a bakin matakala za a tsai da shi, kuma da wuya a mayar masa da kuɗinsa. Kada kuma a manta, taron dubban mutane wuri guda a rufe yana da nasa hatsari. A watan Fabrairu na 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da cutar korona.

Yanzu sai mu hau tudu. Masar na tafi, na fara da kwana huɗu a Alƙahira. Kada kowa ya ce maka hanyar tudu hutu ce. Ka ɗaure kaya, ka kwance kaya, ka yi ciniki da mai tasi, ka yi ciniki da mai ɗaukar kaya, kowa ya yi maka ɗan abu ya miƙo hannu yana neman abin goro, su bakshish suke ce masa. Hayaniyar motoci da ƙura kuwa sai wanda ya gani. Larabcin da muka koya a zaure ma bai cika fid da mutum a kasuwa ba. In ka yi shi za su gane, amma sai su yi murmushi, kamar wanda ya zo sayen tumatir yana magana da harshen huɗuba, su kuma in suka amsa da nasu sai ka kasa kama rabi.

Amma dubi abin da na samu a madadin wahalar. Ran Juma'a na yi salla a masallacin Azhar, wanda ya haura shekara dubu da ginawa. Ana sallamewa sai na ji Hausa a bayana. Ɗalibai ne 'yan Kano da Damagaram da ke karatu a can. Suka ce, "Baba, yaushe a gari?" Suka riƙe ni har dare, suka kai ni wani lungu muka ci koshari, watau shinkafa da taliya da wani irin ƙanƙanen wake a haɗe da miyar tumatir. Kashegari biyu daga cikinsu suka raka ni babbar maƙabartar Ƙarafa, inda hubbaren Imamu Shafi'i yake, wanda ya rasu a 820. A wannan yanki ne kuma aka binne Jalaluddini Suyuɗi a 1505, ɗaya daga cikin malamai biyu da suka wallafa Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a garuruwanmu da azumi, shi ne kuma ya taɓa rubuta wa Sarkin Katsina da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. Babu takardar kamfanin yawo da na taɓa gani an sa wannan a ciki. Abin da ya ja ni ba shi yake jan Bature ba, kuma sai mai kwana a gari yake da ikon cewa yau ga inda za ni.

Dalar Giza kuwa da sassafe na je, kafin rana ta yi zafi. Wanda ya ga dalar gyaɗa ta Kano a dā, ko ya ga hotonta, ya san siffar, sai dai wannan ta dutse ce, babbar cikinsu tsayinta ya kai mita 146 sa'ad da aka gina ta, shekara wajen 4,500 da suka wuce. Ina zaune a inuwa wajen azahar sai ga manyan motoci sun iso a jere. Mutanen jirgin yawo ne daga Iskandariya, sun yi tafiyar kilomita fiye da 200, awa uku ke nan, wata ukun tana jiransu. Suka sauko da jajayen fuskoki, suka ɗauki hoto, wani ya hau raƙumi da araha, da ya zo sauka mai raƙumi ya ce kuɗin sauka dabam ne. Kafin a warware wannan rigima ja-gora ya ɗaga tuta, suka ɗunguma. Na dube su na tuna ranar Rum.

Sai dai a nan akwai tarkon da ya kamata in nuna. Ba kowane yawo ta tudu ne yake ba da abin da na faɗa ba. Akwai wanda za a ce maka gari takwas cikin kwana goma. Wannan jirgin ruwa ne mai ƙafar roba, har ma ya fi shi muni, domin ga gaggawar jirgi, ga kuma ɗaurin kaya kullum. A tashe ka ƙarfe biyar, ka yini a kujerar mota, ka iso masauki da dare a gajiye, ka fita da asuba ba ka san ko sunan unguwar ba. A tsakani kuma ja-gora ya tsaya da ku shagon turare ko na darduma awa guda, don yana da kamasho a ciki. Saboda haka ni in an miƙo mini takardar tafiya, ba yawan ƙasashe nake dubawa ba, darare nake ƙirgawa. Garin da za a kwana ɗaya a cikinsa, wucewa ce. Kwana biyu ne yake ba ka yini guda cikakke, uku kuwa su ne suke sa mai shayi ya gane ka in ka komo.

Daga Alƙahira na shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Luƙsur, tafiyar awa goma ko fiye. A nan ne na tarad da wurin da ruwa ya fi tudu, ba ko tantama. Tsakanin Luƙsur da Aswan, kilomita wajen 220, akwai jiragen yawo na kogi, ƙanana, masu ɗaukar mutum ɗari da wani abu. Mai haurawa kudu yakan yi dare huɗu, mai gangarowa arewa dare uku. Bambancinsu da na teku shi ne, a Masar kogin shi ne ƙasar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta a bakin Nilu suke zaune, in ka yi nisa kaɗan daga ruwa sai rairayi. Mutanen dā ma a bakinsa suka gina ɗakunan bautarsu, domin shi ne hanyarsu: ruwa yana gangarawa arewa, iska tana busowa daga arewa, mai zuwa kudu ya buɗe ƙyallen jirginsa iska ta tura shi, mai komowa ya naɗe ruwa ya kawo shi. Don haka jirgin kogi ba ya ajiye ka kilomita 80 daga abin da ka zo gani. A Kom Ombo daga matakalar jirgi zuwa ƙofar ginin 'yan taku ne. A Idfu keken doki ne yake kai mutane cikin 'yan mintoci.

Kuma ko kana zaune bisa jirgi, ƙasar ce take wucewa gabanka, ba ruwa tsagwaro ba. Ga gonakin rake da ayaba, ga dabino, ga mai jaki ya ɗoro ciyawa, ga yara suna iyo suna ɗaga hannu, ga kiran salla yana tasowa daga wannan gaɓa wancan ta amsa. A Isna akwai madatsa, ruwan kudu ya fi na arewa tudu. Sai jirgi ya shiga wani rami na siminti mai ƙofa biyu, a rufe ta baya, a sako ruwa, jirgin ya yi ta ɗagawa a hankali har ya daidaita da ruwan gaba, a buɗe masa ya wuce. Muna jiran layinmu sai 'yan kasuwa suka kewaye mu cikin kwalekwale, suna jefo riguna da mayafai cikin leda har hawa na sama. In ka so ka sa kuɗi cikin ledar ka jefa musu, in ba ka so ka mayar da kayan. Ban taɓa ganin ciniki irin wannan ba, ba kuwa wanda ya ci na wani.

Duk da haka da muka iso Aswan na sauka na ƙara kwana biyu a masauki. A kasuwarta da dare na ga zoɓo tuli tuli, su karkade suke kiransa, ga goruba, ga dabino, sai na ji kamar ina Kurmi. Daga can ne aka ɗauke mu cikin mota tun kafin asuba zuwa Abu Simbal, kilomita wajen 280 cikin hamada, inda aka yanka ɗakunan bauta na Fir'auna Ramsis na Biyu gunduwa gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga su bisa tudu don kada ruwan babbar madatsar Aswan ya cinye su. Komowa Alƙahira kuwa jirgin ƙasa na rana na shiga. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya buɗe ƙunshinsa na gurasa da cuku, ya rantse sai na ci. Muka yi ta hira da guntun Larabcina da guntun Turancinsa, a kan albashi da tsadar taki da aurar da 'ya'ya, har ya sauka a Asyuɗ, garin da Suyuɗi ya samo sunansa.

To, wa zan ce ya bi ruwa? Mai shekaru, da mai ciwon gwiwa ko baya, da mai tafiya da yara ƙanana ko tsofaffi, da wanda abin da yake nema shi ne hutu bayan wahalar aiki, da wanda bai taɓa fita ba yana tsoron ɓata a ƙasar da ba ya jin harshenta. Waɗannan jirgi zai yi musu rana, muddin sun karanta takarda sun ga nisan kowace tasha da birnin da aka rubuta, sun tambayi abin da ke cikin kuɗin da abin da ba ya ciki, sun kuma gama da biza kafin su biya. Amma mai sauran ƙarfi a jika, wanda akwai wani gari da ya daɗe yana jin labarinsa yana marmarin gani, ni ban ga dalilin da zai sa ya biya kuɗin shekaru a ba shi awa biyar a cikinsa ba. Ya zaɓi ƙasa guda, ya rage garuruwa, ya ƙara darare.

Bara yayana ya bar aiki, 'ya'yansa suka kawo masa takardun nan biyu, ya kira ni. Shekararsa ta haura sittin da biyar, gwiwa tana damunsa, amma tun yana yaro yake jin labarin Azhar a bakin mahaifinmu. Na ce, "Yaya, ka bar batun Bahar Rum. Ka yi kwana huɗu a Alƙahira, a sama maka mota da direba, kada ka shiga ayari. Daga nan ka hau jirgin sama zuwa Luƙsur, tafiyar awa ɗaya ce, ka shiga jirgin kogi ya kai ka Aswan kana zaune. Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da bazara zafin kudancin Masar yakan wuce awo 40, kuma ka ce a ba ka ɗaki nesa da injin." Ya yi shiru yana rubutawa a bayan ambulan. Can sai matarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Malam, tambaye shi ko za a bar ni in shiga da yajina da kukata." Na ce mata yaji dai na shiga da nawa, ba wanda ya hana ni.